Wankin kafet a Legas: na ruwa ko busasshe, wanne zaka fara zuba kuɗinka?

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland a watan Yunin 2022, yaranmu da yawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 suka shiga laluben wata sana'ar, kuma cikin sana'o'in da ake yawan tambaya akai har da wankin kafet da kujeru. Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum, mutum ya sai da mashin ɗinsa ko ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya san wane inji zai saya, na wankin ruwa ko na busasshen wankin nan da yake gani a bidiyo ana barbaɗa hoda ana gogewa kafet ya fito fes. Toh ɗan uwa abin da zan fara gaya maka shi ne a garin nan fitar da datti ba shi ne abin wahala ba, busarwa ita ce, kuma duk lissafin da zakayi in baka sa danshin Legas a ciki ba lissafin Kano kayi.

Bari in fara da na ruwan tunda shi aka fi sani. Inji ne mai tanki biyu, ɗaya na ruwa mai kyau ɗaya na ƙazamin da ya dawo. Zaka fara bin kafet ɗin da injin zuƙar ƙura, sannan ka fesa kemikal ka barshi kamar minti 10 zuwa 15 ya jiƙa dattin, ka ɗan bi da buroshi, sai ka zo da bakin injin yana fesa ruwan ɗumi cikin gashin kafet ɗin yana kuma zuƙe shi a lokaci guda. Shi ne kwastomomi ke ce wa sitim. Waɗanda aka fi gani a hannun masu sana'a su ne Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus da George na Numatic na Ingila, sai kuma 'yan Chana kala kala. Puzzi 10/1 tankinsa lita 10 yake ci, kaga kenan falo ɗaya babba zaka cika ka zubar ba sau ɗaya ba. Alherin wannan hanyar shi ne dattin fita yake daga kafet ɗin gaba ɗaya ya koma tanki, har wanda ya nutse can gindin zaren, shi yasa manyan kamfanonin kafet na Amurka irin su Shaw suke cewa a riƙa yin irin wannan wankin duk wata 12 zuwa 18. Kuma akwai wani abu da yake ma aiki a kasuwa wanda ba kowa ke lura ba, in ka gama layin farko ka ciro tankin ka nuna wa Hajiya ruwan ya koma baƙi ƙirin da yashi kwance a ƙasa da gashi da ɓurɓushin biskit na yara, zaka ga ta riƙe baki tace "yanzu duk wannan a kai muke zama?", daga nan ba sai ka yi dogon bayani akan kuɗinka ba, kuma ita zata gaya wa maƙwabciyarta.

Kada a haɗa wannan da wankin da ake yi a wajen wankin mota, a shimfiɗa darduma a siminti a zuba omo a dirje da buroshi a sheƙa ruwa da tiyo a rataye a katanga. Shi ma wanki ne kuma mutane na cin abinci da shi, amma omo baya fita duka, yana bushewa a jikin zaren da ɗan danƙo, sai ƙura ta riƙa manne masa, bayan sati biyu uku kafet ya fi da datti. Masu cewa "kafet in aka fara wanke shi ya lalace kenan" yawanci wannan suka gani.

Busasshen wanki kuma ba abu ɗaya bane, kala uku ne ake haɗawa a suna ɗaya kuma bambancinsu babba ne. Akwai na hoda, wata aba ce mai ɗan laima kamar garin katako an jiƙa ta da kemikal, sanannen suna a nan shi ne HOST na Amurka, ana barbaɗawa sai a bi da inji mai buroshi biyu masu juyawa suna fuskantar juna su cusa ta cikin gashin, ta tsotsi dattin, sai a zuƙe ta da injin ƙura, kusan nan take za'a iya takawa. Akwai enkaf, shi kuma ruwan kemikal ne ake fesawa kaɗan kaɗan a goge da inji, in ya bushe sai ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi ya kulle dattin a ciki, shara ta gaba da injin ƙura ita ke kwashe su, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya bushe. Sai bonet, wani faifan ƙyalle ne mai kauri ake ɗaurawa a ƙasan injin goge ƙasa mai juyawa, ya riƙa shafe saman kafet ɗin. Bonet ɗin nan gaskiya ni bana ba kowa shawarar ya gina sana'a a kansa, sama sama yake yi, ido zai ga haske amma wani dattin ƙasa yake ƙara tura shi, kuma in gashin kafet ɗin dogo ne yana murɗe shi ya ɓata masa kwanciya. In ana maganar busasshen wanki na ƙwarai toh hoda da enkaf ake nufi.

Yanzu ga inda Legas ta shigo. A Kano ko Sakkwato cikin watan Maris ka wanke darduma da safe ka shanya, kafin azahar ta bushe ƙayau. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, Yuni ya fi kowane wata, a ɗan sarara a Agusta sannan ya dawo Satumba da Oktoba, kuma danshin iska yawanci sama da kashi 80 cikin ɗari yake, wato iskar kanta ta ƙoshi da ruwa bata da inda zata sa naka. Kafet ɗin da a takardar inji aka ce awa 6 zuwa 12 zai bushe, a ɗakin da ke ƙasan bene a Ajah ko Surulere cikin Yuni zai iya kwana biyu da laima. Hukumar kare muhalli ta Amurka tace abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 in ba haka ba fumfuna zata fara, kaga kenan tazarar da kake da ita 'yar kaɗan ce. In ta wuce, warin rima ne zai tashi, irin wanda turaren wuta baya kashewa sai dai su haɗu su zama wani abu daban, kuma kai za'a kira a waya ba damina ba. Akwai kuma matsala ta biyu da jinkirin bushewa ke kawowa, tabon da ka ga ya fita jiya ka dawo yau ka ganshi ya dawo wurinsa, dalili shi ne ruwan da ya rage a gindi yana hawowa sama ta jikin zaren kamar yadda kananzir ke bin lagwani, yana tahowa da dattin da ke ƙasa, ruwan ya tafi dattin ya zauna a sama.

Wannan duk ba yana nufin a bar wankin ruwa bane, yana nufin wanda zai yi shi a Legas dole ya sayi kayan busarwa tare da injin, ba daga baya ba. Duk layin da ka bi da feshi sau ɗaya, ka koma kansa sau biyu ko uku da zuƙa zalla ba ruwa, a hankali, har ka ga ruwa ya daina bi ta bakin injin. Ka samu fankar ƙasa irin mai kama da dodon koɗi wadda ke hura iska a kwance bisa kafet, ko guda biyu, ka kunna ta a ɗakin da ka gama kana aikin ɗaki na gaba. In gidan akwai esi a rufe tagogi a kunna shi domin yana janye danshi daga iska, buɗe taga ana tsaka da damina ƙara shigo da laima ne kawai, amma lokacin hunturu Disamba da Janairu in iskar arewa ta sauko sai a buɗe. Kuma ka fara aiki da sassafe, wankin ruwa da la'asar a watan Yuli neman rigima ne. Kafin ka tafi ka danna bayan hannunka ko farin tishu a kusurwar da iska bata kaiwa, bayan kujera ko gindin labule, can ne gaskiyar take ba tsakiyar falo ba.

Sai kuma irin kafet ɗin kansa, nan ne ake biyan kuɗin mutane. Yawancin kafet da dardumar tsakar falo da ke gidajenmu na roba ne, folifirofilin ko nailan ko foliyesta, irin 'yan Turkiyya da 'yan Chana da na kamfanonin gida, waɗannan basa tsoron ruwa, wankin ruwa ya dace da su sosai, sai dai folifirofilin yana son maiƙo, tabon manja da man girki sai an sa masa kemikal mai narkar da mai an bashi lokaci. Amma in ka shiga gidajen Ikoyi da Banana Island da Lekki zaka haɗu da na ulu, da masu sheƙi kamar siliki waɗanda yawanci biskos ne, da waɗanda aka saƙa da zaren rama ko sisal, wani zaren tsiro mai kaushi. Ulu yana wankuwa da ruwa amma ba mai zafi sosai ba kuma ba da kemikal mai kaifi ba, ka sayi takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin kemikal, abin da zai taɓa ulu ya tsaya tsakanin 5 da 8. Biskos kuwa ruwa maƙiyinsa ne, ya jiƙe sai gashin ya kwanta ya ƙandare ya yi rawaya, sisal da rama su kuma su tsuke su yi tabo ruwan ƙasa, ko kafet ɗin da samansa roba ne amma bayansa rama ce in ruwa ya kai can zai iya tsukewa ya janye daga bango ko ya turo launin ƙasa ƙasa sama. Waɗannan hoda ce maganinsu, wasu ma gara ka ce Alhaji ranka ya daɗe wannan ba nawa bane, ya fi ka karɓi aikin dubu kaɗan ka biya dardumar miliyan. In baka gane zaren ba ka tsinko ɗan guntu daga gefe ta baya ka sa masa ashana a waje, ulu warin gashin da ya ƙone yake yi kuma tokarsa na murmushewa, roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri, biskos da rama warin takarda suke. Sannan ka jiƙa farin ƙyalle da kemikal ɗinka ka danna a lungu na ɗan lokaci, in launi ya biyo ƙyallen toh ka dakata.

Akwai wata magana da bazaka ji ta a bidiyon Turawa ba amma mu ita ce kan gaba, maganar najasa. Kwastomominka na farko 'yan uwa ne, gidajen da ake da yara ƙanana ana kuma sallah a falo, da masallatan unguwa. Yaro yayi fitsari a kafet, uwar gida ba ƙyalli take nema ba, so take ta shimfiɗa goshinta a wurin hankalinta kwance. Hoda da enkaf zasu iya ɗauke tabo su rage wari amma a abin da muka karanta a mazhabar Malikiyya hukuncin najasa baya gushewa sai da ruwa tsarkakakke wanda wani abu bai canza shi ba, kuma kowa ya san hadisin balaraben ƙauyen da yayi fitsari a masallaci Annabi (SAW) yace a kwarara guga na ruwa a wurin. Don haka a irin wannan wurin injin ruwa shi ne abokin aikinka, kuma bayan kemikal ka cika tankin da ruwa zalla ka ɗauraye ka zuƙe ka maimaita har launi da wari su tafi, ƙarin bayani ka zauna da malamin unguwarku ya warware maka. Don Allah kada ka barbaɗa hoda akan fitsari ka ce wa baiwar Allah ya tsarkaka, amana ce. Ko ta fuskar aiki ma fitsari nutsewa yake har ƙasa ya bushe ya bar gishiri, damina na zuwa gishirin ya ja danshi zarnin ya taso, ba abin da ke fitar da shi sai ɗauraya.

Masallaci nasa tsarin daban ne saboda sau biyar ake shiga kuma da ɗanyar ƙafar alwala. Tazara mafi tsawo da rana ita ce daga asuba zuwa azahar, sai ka shirya da kwamiti a raba shi biyu, a wanke sahun gaba yau a yi sallah a baya, gobe a juya, fankoki duka a kunne, kuma ba ranar Alhamis da yamma ba balle Juma'a. Kafin azumi aikin masallatai ke yawa, a yi wankin ruwa mai kyau lokacin, sauran watanni shara da injin ƙura akai akai ta wadatar da ɗan enkaf a bakin ƙofa inda ƙafa ta fi bi.

Ofis kuma labarin juyawa yake gaba ɗaya. Bankuna da kamfanonin Victoria Island da Marina da Ikeja yawanci kafet ɗin gutsi gutsi ne mai faɗin santimita 50 kowane gefe, an manna da gam, gashinsa gajere, wani wurin ma ƙasan a ɗage yake wayoyin wuta da na intanet na bi ta ciki. Ka zuba ruwa da yawa a nan gam ya saki, gefuna su ɗago, in tsautsayi ya gifta ruwa ya sauka kan waya. Kuma manajan gini ba ruwansa da baƙin ruwan tanki, abin da yake so shi ne ku shigo bayan an tashi aiki, da safe ma'aikata su taka busasshen wuri ba wari ba igiyar tiyo a hanya. Nan enkaf ba shi da abokin gasa, mutum biyu zasu share filin da injin ruwa ƙarami zai kwana yana yi, ba ɗaukar bokiti zuwa banɗaki ba jiran lifta. Haka otal, korido da ɗakin taro ba'a iya rufe su kwana guda. Sai dai ka gaya musu tun farko cewa enkaf kula ce ta tsakani, in anyi shi 'yan lokuta dole a zo a yi na ruwa sau ɗaya a ɗauraye abin da ya taru, kuma sai masu sharar ofis ɗin suna bi da injin ƙura mai kyau, in tsintsiya da mofa kawai suke da su ƙwayoyin nan na nan zaune ba inda suka je.

Ta wajen kashe kuɗi bazan rubuta farashi ba don dala ke juya shi, ka zaga kasuwar Alaba International ka duba shafin saye da sayarwa na Jiji a intanet ka kwatanta da kanka, amma ga inda kowanne ke cin kuɗi. Na ruwa yana cin ruwa, kuma ba kowane ruwa ba, ruwan burtsatse a wurare da yawa na Lekki da Ajah jaja jaja yake saboda ƙarfe, ka zuba shi akan farin kafet ka ƙara masa wani tabon, sai dai ka zo da naka a jarka ko ka sa 'yan garuwa su kawo mai kyau, wannan kuma nauyi ne a mota da hawa bene. Yana cin wuta, injin kansa ya haura wat 1000, in mai dumama ruwa ne ya ninka, ga fankoki na awanni, ƙaramin janareton nan na shago bazai ɗauka ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma kai wutar Band A, wato ta layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kwastoma ma lissafi yake in kace a bar esi a kunne har dare, don haka ku yi wannan maganar kafin ka jiƙa masa kafet ba bayan ka jiƙa ba. Amma kemikal ɗinsa yana samuwa cikin sauƙi kuma da sauƙin kuɗi, sai dai a kula da sabulun ruwa na haɗin gida irin wanda ake sayo kayansa a kasuwar kemikal ta Ojota, na wanke wanke ne, kumfarsa yawa gareta, kumfa kuwa in ta cika tankin datti tana haurawa cikin motar injin, wato abin da ke juya shi, ta ƙona ta, araha bata ado, ka nemi wanda aka yi don injin, marar kumfa.

Busasshen kuwa ruwa kaɗan, wuta ta ɗan lokaci, kaya marasa yawa da zaka iya sawa a bayan ƙaramar mota ka haye gadar Third Mainland ka yi aiki biyu uku a yini. Inda yake cizo shi ne hodar da ruwan enkaf daga waje suke zuwa, kuɗinsu na bin dala, kuma wani lokacin ka nema ka rasa a kasuwa, injin buroshi biyun ma tsada gareshi kuma kayan gyaransa ba ko'ina ba. Hodar tana da wani hali kuma, in kafet mai dogon gashi ne ko injin ƙurarka ba shi da ƙarfi tana maƙalewa a gindi, yaro mai rarrafe ya riƙa kwasowa a hannu. Shi yasa kowace hanya ka zaɓa kada ka yi rowa wajen injin zuƙar ƙura, mafi yawan dattin kafet busasshen yashi ne da ƙura, in ka kwashe shi tun yana busasshe rabin aikin ya ƙare, in ka jiƙa shi ya zama taɓo.

Toh in ni ka tambaya, wanda zai fara daga cikin unguwa, kwastomominsa gidaje da masallatai da kujerun falo da kujerun mota, ya sayi injin ruwa, injin ƙura mai ƙarfi da fankar ƙasa biyu, ko da hakan na nufin ya sayi ƙaramin inji ko na hannu mai lafiya. Injin ruwa ɗaya yana wanke kafet da kujera da katifa da cikin mota, wato ƙofa huɗu ya buɗe maka, busasshen kuwa kusan kafet kaɗai ya sani. In aiki ya kankama sai ka ƙara injin goge ƙasa mai faifai ɗaya ka fara enkaf da shi, shi ma bazai zauna banza ba don yana wanke tayil da tarazo. Wanda kuma ya riga ya samu ƙofa a wani kamfanin shara ko wani oga ya masa alkawarin kwangilar ofis a rubuce, shi ya juya tsarin, ya fara da enkaf, ranar da ake buƙatar na ruwa ya yi hayar inji ko ya kira ɗan uwa su raba. Na hoda ka barshi sai ka fara samun masu darduma ta ulu da sisal da yawan da zasu mayar maka da kuɗin.

Aiki ɗaya ne zan ce ka kiyaye ko da wane inji kake da shi, kuma duk damina sai an kira ka a kansa, kafet ɗin da ambaliya ta shiga. In ruwan famfo ne ya fashe ko tanki ya zubo kuma an kira ka a ranar, wannan injin ruwa zai zuƙe, a ɗaga kafet ɗin a sa fanka sama da ƙasa, yana tsira. Amma ruwan da ya taso daga kwata ya shigo falo ya haɗu da na masai da na bola, in kafet ɗin mai soso ne a ƙasa ko ya kwana biyu a jiƙe, hoda bata da abin yi a nan, na ruwan ma saman kawai zai gyara. Ka gaya wa mai gidan a cire a yar, ka karɓi aikin wanke ƙasan da kashe ƙwayoyin cuta da busar da ɗakin kafin a shimfiɗa sabo, kuma ka sa safar hannu da takalmin roba da takunkumi kafin ka taɓa shi.